Gizo a Gaban Alƙali: Me Ke Cikin Littattafan Tatsuniya Masu Bincike da Yaranmu Ke Kawowa Gida?

Littafin da aka tsare kerkeci ana yi masa tambayoyi kan inda ya kwana daren jiya, ko aka sa wata yarinya bin sawun wanda ya ɗauke takalmin gimbiya, karatu ne ko shiririta? Kuma ya dace uba ya zauna da bakinsa yana karanta wa 'ya'yansa abin da shi da su duk suka san bai taɓa faruwa ba?

Wannan muhawara takan taso a gidajen Hausawan Makka da Jidda da Madina duk sanda aka tashi daga baje kolin littattafai, yara suka dawo da ledoji. Ni a gidan yayata a Makka na ci karo da ita. 'Yarta mai shekara tara ta zo da wani ɗan littafi fassararre, a bangonsa an zana kerkeci sanye da ankwa. Kawunmu ya karɓa, ya juya bayansa, idonsa ya faɗa kan kalmar "khurafiyya". Ya ajiye shi a hankali kamar ya taɓa garwashi, ya ce, "To, ai ga shi da bakinsu sun faɗa, hurafa ce." Hajiya Babba tana gefe tana jan carbi. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai da na raina da Gizo da Ƙoƙi, yau kai ne mai gudun hurafa?" Aka yi dariya, amma ba a rabu a kan matsaya ɗaya ba.

Wane irin littafi ne wannan?

Abubuwa biyu da kowa ya sani aka gwama, aka zuba musu barkwanci.

Na farko tsohuwar tatsuniyar Turawa. Charles Perrault ya buga tarin nasa a Faransa a 1697, 'yan'uwan nan biyu Jamusawa da ake kira Grimm suka fitar da nasu a 1812. Daga irin waɗannan littattafai duniya ta san yarinya mai jan mayafi da kerkecin da ya haɗiye kakarta, da marainiyar da ta yar da takalmi ɗaya a fada, da yaran da suka ɓata a daji suka tarar da gidan alawa. Larabawa suna kiran wannan nau'i "hikaya khurafiyya", kuma a nan rikicin kawunmu ya samo tushe. A bakin mai wa'azi, hurafa na nufin camfin da ake cusawa cikin addini. A bakin mai sayar da littafi kuwa sunan rukuni ne kawai, daidai da mu ce tatsuniya. Larabawa ma sukan ce asalin kalmar sunan wani mutum ne na ƙabilar Uzra da aka ce aljanu sun ɗauke, ya dawo yana ba da labaran da aka kasa gaskatawa.

Na biyu labarin bincike: an yi ɓarna, ba a san wanda ya yi ba, wani mai kaifin ido ya bi alamu har ya gano shi. Sherlock Holmes, wanda ya fara bayyana a Ingila a 1887, shi ne uban gidan masu wannan sana'a a takarda. Yaran Larabawa suna ce wa irin waɗannan littattafai "algaz", wato kacici-kacici.

Idan aka haɗa su, sai tatsuniya ta koma ƙarar da aka shigar. Wa ya cinye kunun dabbobin nan uku da ake kira beyar? Da gaske kerkeci ne ya rushe gidan 'yan aladu, ko sunansa ne ya ja masa? Tun 1989 wani ɗan littafin Amurka ya yi fice saboda ya ba kerkeci dama ya faɗi nasa ɓangaren daga gidan yari, kuma daga baya irin wannan salo ya yaɗu, har da jerin littattafai masu juzu'i da yawa inda yara ne 'yan sandan cikin garin tatsuniya. Abin dariyar yana fitowa daga ɗaukar abin wasa da muhimmanci: a ce dodo yana neman lauya, ko a nemi tsohuwa mai gidan alawa ta nuna takardar izinin gini.

Ba Turawa suka fara kai dabba kotu ba

Wanda ya yi karatun zaure ya san haka. A cikin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, akwai babi sukutum na binciken al'amarin Dimna. Dimna dila ne, shi ya haɗa zaki da sa gaba har aka kashe san, sai aka zauna shari'a, aka kira shaidu, ya yi ta kare kansa da zaƙin baki kafin hukunci ya hau kansa. A Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda aka tsinci gawa a akwati daga kogin Dijla, Haruna Rashid ya ba waziri Ja'afar kwana uku ya kawo wanda ya yi kisan ko a rataye shi.

Hujja da alama kuwa mun fara jin ta a wurin da ya fi kowane daraja. Kissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, gaskiya ce tsantsa, ba na jera ta da tatsuniya. Na kawo ta ne saboda yaranmu sun haddace ta: rigar da aka tsage ta baya ita ta nuna mai gaskiya, rigar da aka shafa wa jinin ƙarya kuma, kamar yadda masu tafsiri suka lura, ta zo ba ko yagewa. Har gobe Balarabe in zai wanke kansa sai ya ce ya kuɓuta kamar yadda kerkeci ya kuɓuta daga jinin ɗan Yaƙubu. Ashe yaron Makka ya riga yaron Amurka sanin cewa ana iya yi wa kerkeci ƙazafi. A nan Saudiyya ma bin sawu sana'a ce ta gaske, domin ƙabilar Al Murra sun shahara da karanta tafin ƙafa a rairayi har hukuma takan nemi taimakonsu wajen kama ɓarayi.

Iyayen da suka yi makaranta a Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda, a shekarun 1970 da 1980 kuma ba baƙi ba ne ga "algaz". Mahmud Salim na Masar ya fara jerin labaransa na yara biyar masu bincike a unguwar Ma'adi ta Alƙahira a 1968, kuma an sha karanta su a ɓoye ƙarƙashin littafin lissafi. A can gida, Abubakar Imam ya ɗebo daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya da wasunsu ya ɗinka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce tun 1937, ba wanda ya ce ya kawo baƙon abu.

Inda dabarar take

Bari in ƙirƙiro misali da kayanmu, don a ga yadda abin ke aiki.

An wayi gari tulun zuman sarki wayam. Gari duka ya ce Gizo ne, wa zai zama in ba shi ba? Aka ɗaure shi. Dila, malamin daji, ya ce shi zai yi alƙalanci kyauta. Ƙoƙi ta san mijinta ɓarawo ne, amma ta san daren jiya ciwon ciki ya hana shi motsi saboda ɗanyen wake da ya sata a wata gonar daban. Ta je wurin dogarin da ke gadi. Ya ce bai ga fuska ba, duhu ne, amma ya ji ɓarawon yana raɗa wa kansa, "Sarki ya yi barci, bari in sha in kora da ruwa."

Mai karatu ya tsaya nan ya dubi yara. Wanda kaka ta taɓa yi wa tatsuniya zai yi tsalle ya ce, "Ba Gizo ba ne!" Don me? Don Gizo tsamin baki gare shi. "Shayki" zai ce, "yuwa" zai ce. Wanda ya furta "sarki" da "ruwa" tiryan-tiryan mai lafiyayyen harshe ne, sai a koma a duba gashin bakin wanda ya yi saurin neman kujerar alƙali.

Abu biyu suka fito daga nan. Alamar ba ta aiki sai ga yaron da ya san Gizo tun asali. Wanda bai taɓa jin tsamin bakinsa ba zai zauna yana kallon mai karatu kamar an yi magana da Sinanci. Haka littattafan da ake fassarowa suke: an rubuta su ne ga yaron da ya ji labarin jan mayafi sau ashirin har ya gundure shi, shi ya sa juya labarin ke ba shi dariya. Da yawa daga iyayen da suka ce sun saya yaro ya karanta shafi biyar ya jefar, abin da ya faru ke nan. An ba shi raha a kan labarin da bai sani ba.

Abu na biyu, alamar a kunne take. A takarda ido zai iya tsallake ta, amma in uwa ta kwaikwayi muryar Gizo a farkon labari, ta kwaikwayi ta ɓarawo a tsakiya, ɗan shekara biyar da bai san baƙi ba zai iya riga yayansa ganowa.

Akwai kuma bambanci da tatsuniyarmu ta asali da ya kamata a lura da shi. A tatsuniya in an cinye abin da aka hana, sai a kai yara bakin kogi, kowa ya shiga yana waƙar rantsuwa, ruwa ya haɗiye mai laifi. Gaskiya takan fito ta hanyar abin al'ajabi, mai sauraro ɗan kallo ne. A labarin bincike dole marubuci ya shimfiɗa duk alamun a gaban yaro kafin ya warware, in ya ɓoye ɗaya ya yi maguɗi. Ta wannan fuska ya fi kusa da "ƙulin ƙulifita" da "baba na ɗaka gemu na waje" fiye da tatsuniya: ana jefa maka, ka cinka, in ka kasa ka ba da gari.

Maganar ƙarya da sihiri

Masu ƙyamar littattafan nan ba da ka suke magana ba. Hujjarsu mafi ƙarfi hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ne, wanda ya yi narkon azaba ga mai ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. Suka ce to ga labari, ga ƙarya, ga dariya, me ya rage? Akwai malaman da suka tsaya a nan, suna ganin kissoshin Annabawa da tarihin Sahabbai sun wadatar.

Wasu malaman kuma suka ce ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, kuma babu yaron da ke zaton dila ya taɓa zama alƙali. Buga misali ne. Tsohuwar gardama ce ƙwarai. Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya ƙirƙiro Abu Zaid, wani tsohon mayaudari mai zaƙin baki da ba shi da maraba da Gizo sai rawani, ya gina maƙamomi 50, wato gajerun labarai na azanci, a kansa, kuma tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa abin da ya yi kamar labaran da ake sa wa a bakin dabbobi ne. Littafin nan malamanmu na zaure sun karantar da shi ɗaruruwan shekaru daga Katsina har Masallacin Harami. Bahaushe ma ya yi wa kansa rigakafi: yana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku" don kowa ya san an bar duniyar gaske, ya rufe da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya".

Ni ina tare da ra'ayi na biyu, amma ban yarda duk abin da ke kan kanta ya wuce ba. Sihiri a ƙasar nan ba abin wasa ba ne, laifi ne da ake hukunci a kansa, kuma uban da ya ƙi littafin da gwarzonsa ke koyon tsafi don ya ci nasara yana da dalili. Abin lura shi ne labarin bincike mai kyau shi da kansa yake taka wa sihiri birki, domin in sandar tsafi za ta iya nuna ɓarawo, babu sauran bincike. Sau da yawa ma abin da gari ya ɗauka aikin mayya ne sai a gano hannun mutum ne mai kwaɗayi. Abin da ya fi damuna daban ne: barkwancin Amurka yana yawan mayar da babba wawa, yaro ya daka wa kakarsa tsawa a yi dariya. Mu ma muna da wasan jika da kaka, har ta kira shi mijinta ya ce ta tsufa, amma wasa ne mai iyaka da kowa ya sani. Fassara ba ta tace wannan. Aladun da ke cikin wasu labaran kuwa, masu fassara kan mayar da su tumaki ko awaki, wani lokaci a bar su.

Me ya sa kaka ta yi shiru

Hausawan Hijaz ba jiya suka zo ba. Wasu kakanninsu sun taso da ƙafa ta Sudan bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903, wasu tun kafin haka, har tsirenmu ya zama "siriya" a bakin mutanen Makka. Tatsuniya ta biyo su a ka, ta zauna a tsakar gidajen Shara Mansur a Makka da Karantina a Jidda, inda gida ɗaya kan tara kaka da gwaggo da jikoki goma.

Wannan zaman ne ya warwatse. Tun watan Yuli na 2017 aka sa wa akasarin masu igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, kuɗin iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu riyal 2,000 ke nan kowane wata, 24,000 a shekara. Da yawa suka mayar da iyali Kano ko Damagaram, kuma tsofaffi na cikin waɗanda aka fara sallama. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil da Gulail, dangi suka rarrabu a gidajen haya masu nisa da juna. Ga waya a hannun kowane yaro. Ga harshe: jikan da ke kiran kakarsa "Sitti" yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa, ita kuma ba ta iya yin muryar Gizo da Larabci.

A daidai wannan lokaci littattafan yara suka yawaita. An kafa Hukumar Adabi da Ɗab'i da Fassara a 2020, ita ke shirya baje kolin Riyad da Jidda da Madina, tana kuma tallafa wa fassara. Gasar karatun ƙasashen Larabawa da aka fara daga Dubai a 2015 tana neman ɗalibi ya karanta littafi 50, kuma yaron da aka ɗora wa 50 dole ya nemi gajeru masu daɗi. Gurbin da kaka ta bari ne littafin ya tarar, sai dai ya zo yana zaton yaron ya riga ya ji kakar.

Abin da karatu a bayyane ke yi wa yaronmu

A gwajin karatu na duniya da ake kira PIRLS, wanda ake yi wa 'yan aji huɗu na firamare, Saudiyya ta samu maki 430 a 2016, ta hau zuwa 449 a 2021, alhali ma'aunin tsakiya 500 ne. Ɗaya daga cikin dalilan da malaman makaranta ke yawan ambata shi ne tazarar da ke tsakanin Larabcin gida da na littafi. Yaron Balarabe tsani ɗaya yake hawa. Namu biyu ne: Hausa a ɗaki, Larabcin Hijaz a titi, fusha, wato Larabcin littafi, a aji.

Yaro yana iya fahimtar labarin da ya fi ƙarfin karatunsa in da kunne ya ji shi, shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2014 take ba iyaye shawarar su fara karanta wa jariri tun haihuwa. Labarin bincike yana da wata riba a kan wannan: yana tilasta tsayawa. Kowane babi yana ƙarewa da tambaya, sai gardama ta kaure, wannan ya ce dodo ne, waccan ta ce ai dodo ba ya shiga ta taga. Ba a hana a karanta da fusha a yi gardamar da Hausa. A gidan yayata haka abin ya koma ba da shiri ba: yarinyar ta karanta shafi, uwarta ta juya wa Hajiya Babba da Hausa, Hajiya ta yanke hukunci tun babi na biyu cewa mai yawan rantsuwar nan shi ne ɓarawo. Ta kuwa canka. Uwar da ba ta iya karatun boko ba ma tana da wuri a wannan zama, tunda babba a cikin yara zai iya riƙe littafin.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, kuɗi abin dubawa ne, musamman da harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari tun 2020, kuma jerin da ke da juzu'i tara ba ya barin yaro ya tsaya a na ɗaya. Gidaje uku in suka haɗa kai kowa ya sayi ɗaya suna musanye, an rage nauyi. Uba ya fara karanta babi biyu shi kaɗai kafin ya kawo wa yara, ya ga irin bakin da yaran cikin labarin ke yi wa manya, ya ga ko alamu ne ke warware matsala ko tsafi. In labarin asali baƙo ne ga yaran, a fara ba su shi a daren farko, a bar juyayyen sai gobe.

Abin da babu a kantunan Jidda shi ne irin wannan littafi da Hausa. Kayan aikin kuwa suna nan jibge. Frank Edgar ya tara juzu'i uku na tatsuniyoyinmu tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da nasa jerin don yara a farkon shekarun 1970, kuma Gizo kaɗai ya yi laifin da zai cika kotu shekara guda. Da na gwada labarin tulun zuma a kan yaran yayata, ba wanda ya gano alamar, don ba su taɓa jin Gizo ya yi magana ba. Hajiya Babba ta ajiye carbi ta ce in matsa. Da rana ne, sai da ta ce a ɗaure Gizo tukuna, yaran suna tambayar da wace igiya. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Shiru. Ta dubi kawunmu, shi kuma yana ta kallon bango, can ya yi gyaran murya ya ce, "Ta zo mu ji ta."